Kama da Wane ba Wane ba ne: Tarken Nazariyyar Turing a kan Samuwar Siffa a Jikin Halittu

1.0 Gabatarwa

A watan Agusta na shekarar 1952, ɗaya daga cikin mujallun ƙungiyar masana ta Royal Society da ke Landan ta buga wata maƙala mai shafi 36, wadda Alan Turing ya rubuta sa'ad da yake aiki a Jami'ar Manchester ta ƙasar Ingila. Sunan maƙalar The Chemical Basis of Morphogenesis, watau tushen samuwar siffa ta fuskar sinadarai. Turing masanin lissafi ne, an kuma fi saninsa da aikin da ya yi a kan kwamfuta da warware saƙonnin asiri na Jamusawa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Wannan ita ce maƙala ɗaya tak da ya buga a kan ilmin halittu, domin ya rasu a 1954, shekara biyu bayan fitowarta.

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu yi tarken wannan maƙala tare da ayyukan da suka bi sawunta. Tambayar da za mu tasa a gaba ita ce: idan aka tsara lissafi, aka sa shi a kwamfuta, ya fitar da zane mai kama da na jikin damisa, shin an bayyana yadda damisa ta sami zanenta ke nan? Mu dai a ganinmu ba a bayyana ba tukuna. Za mu nuna cewa darajar aikin Turing tana cikin hujjar da ya kafa, kuma ba a tabbatar da nazariyyar a jikin kowace halitta ba sai a wuraren da aka taɓa halittar, aka ga ta amsa yadda lissafi ya faɗa tun kafin a taɓa ta.

Akwai kalmomi uku da za su yi ta maimaituwa. Ƙwayar halitta ita ce ɗan ƙaramin tubalin da aka gina jikin mai rai da shi. Ƙwayar gado ita ce saƙon da iyaye ke bai wa 'ya'ya, wanda ke umurtar ƙwayar halitta ta ƙera wani sinadari. Kwatancin lissafi kuwa shi ne tsarin ƙa'idoji da masani ke shiryawa domin ya wakilci abin da yake zaton yana faruwa a jiki.

2.0 Abin da Turing ya Kawo

Matsalar da Turing ya fuskanta tsohuwa ce. Tayi yakan fara ne a matsayin ɗan dunƙulen ƙwayoyin halitta masu kama da juna, amma daga baya sai ga kai, ga wutsiya, ga yatsu, ga zane a fata. To, daga ina bambanci ya fito, alhali farkon abin bai-ɗaya yake?

Amsarsa ta ginu a kan abubuwa biyu. Na farko shi ne cuɗanyar sinadarai, watau yadda wani sinadari ke ƙara yawan wani ko ya rage shi. Na biyu shi ne bazuwa, watau yadda sinadari ke nasowa daga inda ya yi yawa zuwa inda ya yi kaɗan. Kowa ya san aikin bazuwa shi ne shafe bambanci. In aka ɗiga baba a cikin ƙwaryar ruwa aka bar shi, a ƙarshe ruwan duka zai zama launi ɗaya. Abin mamakin da Turing ya nuna da lissafi shi ne, idan sinadarai biyu suna cuɗanya ta wata hanya, kuma saurin bazuwarsu ya bambanta, to bazuwar ce da kanta za ta rushe daidaiton. Ɗan bambancin da bai taka kara ya karya ba, wanda ya auku bisa katari, sai ya yi ta girma har ya zama tuddai da kwaruruka na sinadari masu tazara ɗaya. Ya kira irin waɗannan sinadarai mofojin, watau masu haifar da siffa. Ya yi lissafinsa a kan ƙwayoyin halitta da aka jera kamar zobe, ya fitar da hali shida da tsarin zai iya shiga, ya kuma kawo misali na zobe mai ƙwaya 20.

Bayan shekara 20, a 1972, Alfred Gierer da Hans Meinhardt na birnin Tübingen a Jamus suka fayyace sharaɗin da ke ɓoye a cikin wannan lissafi. Dole a sami mai zugawa, wanda ke ƙara kansa a kusa, da mai hanawa, wanda tasirinsa ke kai wa nesa. Muna iya kwatanta wannan da kasuwannin ƙauye. Inda ciniki ya fara kankama, nan 'yan kasuwa ke daɗa taruwa, domin ciniki shi ke jawo ciniki. Amma kasuwar da ta kafu tana janye masu saye daga ƙauyukan da ke kewaye da ita, saboda haka wata ba za ta ci a gefenta ba sai an yi 'yar tafiya. Da haka kasuwanni ke jeruwa da tazara, ba tare da wani ya zauna ya auna musu wuri ba.

3.0 Ƙarfin Maƙalar

Abu na farko da ya kamata a yaba shi ne cewa Turing ya rufe wata ƙofa ta musu. Kafin shi, mai cewa dokokin sinadarai ba za su iya fitar da tsari daga abin da ba shi da tsari ba yana da abin kafa hujja. Bayan 1952 wannan magana ta faɗi, domin an nuna a lissafce cewa abin mai yiwuwa ne. Masanin halittu ɗan Sikotlan, D'Arcy Thompson, ya riga ya yi kira a littafinsa na 1917 da a nemi dalilan siffa a cikin lissafi da dokokin abubuwa, amma yawancin aikinsa kwatanta siffofi ne da suka riga suka samu. Turing ya nuna hanyar da siffar za ta iya tasowa.

Abu na biyu shi ne gaskiyar marubucin. Tun a farkon maƙalar ya faɗa cewa kwatancinsa sauƙaƙawa ne, kuma duk sauƙaƙawa tana ɗauke da ɓata gaskiya, sai dai yana fatan abubuwan da ya riƙe su ne mafi muhimmanci. Wannan gargaɗi ne da da yawa daga cikin mabiyansa suka manta.

Abu na uku, wanda a ganinmu ya fi sauran, shi ne cewa nazariyyar tana da bakin da za a iya kama ta. Tazarar da ke tsakanin zane da zane tana fitowa ne daga saurin cuɗanya da saurin bazuwa, ba ruwanta da girman jiki. Ma'anar wannan ita ce, idan fili ya ƙaru, adadin zane ne zai ƙaru, tazara kuwa ta tsaya yadda take. Magana ce da gwaji zai iya gaskatawa ko ya ƙaryata, kuma za mu komo kanta.

4.0 Raunin Maƙalar

Rauni na farko shi ne Turing bai nuna mofojin ko ɗaya ba. Sinadaransa haruffa ne a kan takarda. Shekara ɗaya bayan maƙalar, a 1953, Watson da Crick suka bayyana ginin DNA, hankalin masana ya koma kan ƙwayoyin gado, aka bar aikin Turing kusan shekara ashirin ba mai waiwayarsa sosai. Ko a cikin kwalba ma ba a ga zanen Turing tsayayye ba sai a 1990, lokacin da ƙungiyar Patrick De Kepper ta birnin Bodo a Faransa ta samar da shi, shekara 38 bayan hasashen. Dalilin jinkirin yana da muhimmanci. Lissafin na bukatar mai hanawa ya fi mai zugawa saurin bazuwa ƙwarai, alhali sinadarai masu girma ɗaya kusan saurinsu ɗaya ne. A gwajin Bodo, sitacin da aka sa domin a ga launi shi ne ya riƙe mai zugawa ya rage masa gudu.

Rauni na biyu ya shafi daidaito da girman jiki. A farkon shekarun 1890 Hans Driesch ya raba ƙwayoyin farko na tayin bushiyar teku, sai kowace ƙwaya ta ba da cikakkiyar halitta, ƙarama amma ba abin da ya ɓace. Kwatancin Turing yadda ya bar shi ba ya ba da wannan, domin in fili ya ragu da rabi, adadin sassa ne zai ragu. Abin da ya zama ƙarfi wajen zanen fata ya zama rauni wajen shimfiɗa gangar jiki. Wannan na cikin dalilan da suka sa nazariyyar Lewis Wolpert ta 1969 ta fi karɓuwa. A wurin Wolpert, sinadari yana fitowa daga gefe ɗaya yana raguwa zuwa ɗaya gefen, kowace ƙwaya kuma tana gane matsayinta daga yawan abin da ya iso mata.

Rauni na uku shi ne Turing ya ajiye ƙarfin jiki a gefe, watau ja da matsi da lanƙwasa. Ya ambace su, ya ce zai taƙaita a kan sinadarai. Amma a 2013 ƙungiyar Michel Milinkovitch ta birnin Janeba ta nuna cewa ɓawon da ke fuskar kada da muƙamuƙansa yana samuwa ne daga matsin da fata ke shiga yayin girma, shi ya sa tsarin ɓangaren dama bai dace da na hagu ba. Mai kallo daga nesa zai iya rantsewa zanen Turing ne.

Rauni na huɗu ba laifin Turing ba ne, na mabiyansa ne. Ƙa'idojin suna da lambobi da dama da mai lissafi ke zaɓa da kansa. In ya juya wannan ya sami ɗigo-ɗigo irin na zabuwa, in ya juya wancan ya sami rodi-rodi ko layi-layi irin na jakin dawa. James Murray, a ayyukansa na 1981 da 1988, ya kawo hujja mai daɗin ji: da yake wutsiya siririya ce, lissafi ya nuna ɗigo zai rikiɗe ya zama zobe wajen ƙarshenta, don haka ana samun dabba mai ɗigo a jiki da zobe a wutsiya, kamar damisa, amma akasin haka ba a sa ran ganinsa. Hujjar ta dace da abin da ido ke gani. Sai dai duk wata hanya da ke da tazara tsayayya za ta ba da wannan sakamako a kan siririn wuri, ko ta sinadari ce ko ba ta sinadari ba. Saboda haka wutsiyar damisa ba ta gaya mana wane ne mai zugawa ko wane ne mai hanawa ba.

5.0 Darasin Ƙudan Drosophila

Babu inda haɗarin dogara da kama ya fito fili kamar a ɗan ƙudan nan mai bin 'ya'yan itace, Drosophila. A 1980 Christiane Nüsslein-Volhard da Eric Wieschaus suka buga sakamakon bincikensu na ƙwayoyin gadon da ke raba tayin ƙudan gaɓa-gaɓa, aikin da ya kai su ga lambar Nobel a 1995. Da aka sami hanyar rina abin da waɗannan ƙwayoyin gado ke ƙerawa, sai aka ga wasu daga cikinsu, kamar wadda ake kira even-skipped, suna fitowa a layi bakwai reras a jikin tayin. Daɗin daɗawa, a wannan mataki tayin ƙudan bai rabu zuwa ƙwayoyi masu bango ba, don haka sinadari na iya bazuwa a cikinsa ba shamaki. Duk sharuɗɗan Turing kamar sun cika, masu lissafi kuma suka tsara kwatance-kwatancen da suka fitar da layukan a kwamfuta.

Da aka bincika sai aka tarar abin ba haka yake ba. Layukan ba su da uwa ɗaya. Ƙwayar gadon tana da makunnai daban-daban, kowane yana kula da layi ɗaya ko biyu. Ƙungiyar Michael Levine a Amurka ta nuna a farkon shekarun 1990 cewa layi na biyu yana kunnuwa ne da sinadarai biyu, Bicoid da Hunchback, wasu biyu kuma, Giant da Krüppel, su ke yanke masa iyaka gaba da baya. Ana iya lalata makunnin layi ɗaya sauran su tsaya lafiya lau, abin da ba zai yiwu ba da a ce igiyar Turing ɗaya ce ta haife su duka. Tun a 1989 Michael Akam ya bayyana wannan hanya da cewa ba ta da kyan tsari irin wanda masu lissafi ke so. Gaskiyar Bahaushe da ya ce kama da wane ba wane ba ne. Halitta tana da tarihi, kuma abin da ta gada ba lalle ne ya zama hanya mafi gajarta a lissafi ba.

6.0 Inda Nazariyyar ta Ci Jarrabawa

Bayan wannan kaye, da yawa sun ɗauka an gama da Turing. Abin da ya farfaɗo da shi sauyin tambaya ne. Aka bar tambayar ko zane ya yi kama, aka koma tambayar ko zane yana motsi yadda lissafi ya ce.

A 1995 Shigeru Kondo da Rihito Asai na ƙasar Japan suka lura da wani kifin teku mai suna Pomacanthus na tsawon watanni. Yayin da kifin ke girma, layukan jikinsa ba su buɗe ba. Sababbi ne suka riƙa shigowa tsakanin tsofaffi, wani layin yana tsagewa biyu kamar ana zuge zif, tazara kuwa tana nan yadda take. Wannan shi ne hasashen da muka ambata a sashe na uku, kwamfuta kuma ta nuna yadda wuraren tsagewar za su gusa. Daga baya ƙungiyar Kondo ta koma kan ɗan kifin nan mai layi-layi da ake kira zebrafish, ta ƙone wani sashe na ƙwayoyin launi da hasken leza, ta ga layukan da suka saura suna matsowa su cike gurbin kamar yadda lissafi ya nuna. Amma a nan akwai abin lura. Masu zugawa da hanawar ƙwayoyin launi ne da kansu, baƙaƙe da rawaya, waɗanda ke taɓa juna kusa, suna kuma miƙa dogayen hannuwa zuwa nesa. Ƙungiyar Nüsslein-Volhard ta ƙara da cewa akwai nau'i na uku, masu ƙyalli, da ba a iya yin layi sai da su. Ashe hujjar Turing ta tsaya, amma bazuwar sinadari da ya ɗora ta a kai ba dole ba ce.

A jikin ɓera ma an sami shaidu. A 2012 ƙungiyar Jeremy Green ta Landan ta yi aiki a kan tuddan da ke jere a ganɗar ɓera. Da suka yanke tudu ɗaya, sabon da ya fito bai maye gurbinsa kai tsaye ba, reshe ya yi daga na kusa, wanda alama ce ta tsarin Turing, suka kuma nuna sinadarai biyu, FGF da Shh, a matsayin mai zugawa da mai hanawa. A wannan shekara dai Rushikesh Sheth da abokan aikinsa suka riƙa rage wasu ƙwayoyin gado na rukunin Hox ɗaya bayan ɗaya a jikin ɓeran da dama yake da nakasar yawan yatsu. Yatsun suka yi ta ƙaruwa, suna sirancewa suna matsuwa, har suka haura goma a ƙafa ɗaya. Watau an juya tazarar da hannu. A 2014 ƙungiyar James Sharpe ta Basalona ta gabatar da abubuwa uku, Bmp da Sox9 da Wnt, a matsayin masu wannan aiki. A 2015 kuma Green da Sharpe suka yi bayanin cewa Turing da Wolpert ba kishiyoyi ba ne: tsarin Turing na iya yanka yatsu, na Wolpert kuma ya gyara tazararsu ya bambanta babban yatsa da ƙaramin.

7.0 Misali daga Ƙasar Nijar

Da yake hujjar ba ta dogara da sinadari ba, ta fita daga jikin halitta ɗaya ta shiga daji. A kan tuddan da ke kewayen Yamai, a kudu maso yammacin Nijar, akwai dajin da Faransawa suka yi wa laƙabi da mai zanen damisar Asiya, bayan sun gan shi a hotunan jirgin sama a shekarun 1950. Itatuwa irin su geza da sabara suna tsirowa layi-layi, tsakaninsu kuma fako ne fetal. Ƙasar tana da ɗan gangare da ido ba ya ko lura da shi. Ruwan sama ba ya shiga fakon, sai ya gangara ya tsaya a layin itatuwa, inda saiwoyi da ganyen da ya ruɓe suka buɗe ƙasa. Itace na taimakon na kusa da shi, yana kuma hana na nesa ruwa. René Lefever da Olivier Lejeune a 1997, da Christopher Klausmeier a 1999, sun tsara wannan da lissafi irin na Turing. Amfanin misalin a gare mu shi ne, a nan ana iya auna mai zugawa da mai hanawa kai tsaye, a bi ruwan a ga inda ya tafi. Yana kuma da gargaɗi ga masu aikin gandun daji: fakon shi ne mai tara wa layin ruwa, wanda ya cike shi da dashe yana iya kashe itatuwan da ya tarar.

8.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata muna iya fitar da ma'auni uku na auna kowane kwatancin lissafi a ilmin halittu. Na ɗaya, shin ya faɗi wani abu da ba a riga an gani ba, musamman abin da zai faru in an yanke, ko an ƙone, ko an rage? Na biyu, shin an nuna abubuwan da haruffan lissafin ke wakilta a jikin halittar, an kuma auna su? Na uku, shin an gwada shi da wata hanya dabam da za ta iya ba da zane iri ɗaya? Lissafin layukan ƙuda ya faɗi a na biyu da na uku. Na wutsiyar damisa ya tsaya a rabin na ɗaya. Na kifi da ganɗar ɓera da yatsu sun yi nisa a kan dukkan ukun, ko da yake masana na ci gaba da muhawara a kan sunayen sinadaran yatsu.

Hukuncinmu a kan maƙalar 1952 shi ne ta yi daidai a kan hujja, ta taƙaita a kan hanya. Zugawa a kusa da hanawa a nesa gaskiya ce da ta bayyana a fatar kifi da bakin ɓera da dajin Sahel, amma kowace halitta da irin kayan da take aikin da su, kuma akwai inda ba ta bi wannan hanya sam. Ga malaman da ke koyar da lissafi ko ilmin halittu, shawararmu ita ce a riƙa koyar da labarin ƙuda tare da na kifi a darasi ɗaya. Kwamfutar da ɗalibi ke riƙe da ita tana iya zana masa damisa cikin ƙiftawar ido, saboda haka tambayar da ya kamata malami ya yi masa ita ce: wane gwaji ne zai nuna lissafin nan naka kuskure ne?